Baƙin Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja da Nguru Lokacin Bazara: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara da zarar hazo ya janye, rana ta fara cizo, wayata kan cika da hotunan tsuntsaye. Wani ya turo daga Gashuwa, wani daga Kirikasamma, wani ɗalibi ne da ya je hutu gida Nguru. Rabin hotunan ɗigo ne baƙi a tsakiyar ruwa, amma tambayar ɗaya ce: "Malam, wannan wane iri ne? Ban taɓa ganinsa ba." Da na ga amsoshin iri ɗaya nake ta maimaitawa, sai na ce bari in tara su wuri guda.

Me ya sa sai a wannan lokaci ake ganin tsuntsayen da ba a saba gani ba?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, lokacin tafiya ne. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Mayu, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai da Rasha tun Satumba da Oktoba suke haramar komawa gida su yi sheƙa. A can ƙanƙara ce ke narkewa, itatuwa na toho. A nan kuwa bazara ce tsagwaronta. Waɗanda suka yi hunturu a wurinmu suna shirin tashi, waɗanda suka zarce kudu har Kwango da Angola su ma suna biyowa ta kanmu. Fadamun nan da Tafkin Chadi su ne kusan zangon ƙarshe mai ruwa da abinci kafin Sahara. Kamar tashar mota ce ana gobe salla, har wanda ba ɗan garin ba sai ka gan shi.

Na biyu, ruwa ya ja baya. Da kaka ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are ta malale ko'ina, tsuntsaye sun warwatsu, ba ka iya bin su. A Afrilu kuwa tafkuna ƙalilan suka rage, dole kowa ya hallara a bakinsu.

Malam, ni fa ban yarda ba. Ta yaya ɗan tsuntsu zai taso daga Turai ya zo Nguru?

Ba kai kaɗai ba ne. Turawa ma sun daɗe suna cewa tsattsewa cikin taɓon tafki take nutsewa ta kwana har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, kusa da wani gari mai suna Klütz, aka tarar da mashi irin na Afirka ya huda wuyanta, da shi ta yi tafiyar gaba ɗaya. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya aka shiga sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, yanzu kuma ana ɗaura musu na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam, ana ganin inda suka kwana kowane dare.

An ƙiyasta ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ke shigowa Afirka daga Turai kowace kaka. Yadda suke tsallake hamada shi ne abin mamakin. Akwai wani ɗan tsuntsun cikin ciyawar ruwa mai farar gira, masana na kiransa Acrocephalus schoenobaenus, nauyinsa giram 11 zuwa 12, wato kamar ƙwayar sukari 3. Kafin ya tashi yakan yi makonni yana cin ƙwari ba ƙaƙƙautawa har nauyinsa ya kusa ninkawa, duk kitse. Kitsen nan ne guzurinsa na tsallake yashi mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000. Tun a ƙarshen shekarun 1960 masu bincike suka zauna a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, suna kama irin waɗannan tsuntsaye suna aunawa, suka ga yadda suke ƙiba da ƙananan ƙudajen tafki da 'ya'yan itacen da ake yin asawaki da shi. Galibinsu da dare suke tafiya, wasu su sauka da rana su fake a inuwar dutse. Wasu kuma ba sa sauka sam: akwai wani mai dogon baki, Gallinago media, da aka bi sawunsa ya taso daga Suwidin bai taɓa ƙasa ba sai da ya wuce Sahara, tafiyar kwana 3.

Waɗanne ne baƙin da ake gani kullum, don kada in ɗauke su abin mamaki?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma ita ce ba a cika yi ba. Wanda bai san 'yan gari ba, ba zai gane baƙo ba. An rubuta nau'in tsuntsaye sama da 370 a wannan fadama, cikin sama da 900 na Najeriya duka, kuma da yawa cikin masu zuwa daga Turai dubbai suke zuwa.

Ƙaramar agwagwar nan mai launin ƙasa, wadda namijinta ke da farin zane daga ido zuwa ƙeya, ita ta fi kowace baƙuwar agwagwa yawa. Sai mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Su biyun sukan cuɗu da 'yan gida, kirinjijiya da dinya. A gonakin shinkafa akwai garken masu dogayen ƙafafu, Calidris pugnax, waɗanda mazansu suka fi matan girma sosai har ka zaci iri biyu ne. Ɗan rawaya mai kaɗa jela da ke bin ƙafafun shanu a makiyaya shi ma baƙo ne, haka tsattsewa mai jan maƙogwaro da rababbiyar wutsiya. Duk waɗannan tafiyarsu abin jinjina ce, amma ganinsu a nan ba labari ba ne.

To waɗanne ne ganinsu ke zama labari?

Zan faɗi waɗanda ni kaina nake zuba ido a kansu, ba wai su ke nan ba.

Akwai agwagwa mai farin ido, Aythya nyroca. Jikinta ja-ja ne kamar goron da aka tauna, ƙarƙashin wutsiya fari fat, idon namijin kamar an ɗiga alli. Nutso take yi, ba ta tsaya kiwo a saman ruwa ba. Fadamarmu na cikin wuraren da ta fi so a Afirka ta Yamma, amma a duniya tana raguwa, don haka duk wanda ya gan ta ya ƙirga ya rubuta. Ita da sauran agwagi da wuri suke tashi, wanda ya bari Maris ya ƙare ya makara.

Akwai shaho mai launin toka-fari, Circus macrourus, da ke fitowa daga filayen Rasha da Kazakistan. Yakan yi shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa, fikafikai a ɗage. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi da aka fi gani, mai cin fara. Shi wannan yana da baƙin layi a tsakiyar fiffike, na farkon kuwa babu, sai ɗan baƙi siriri a tsinin fiffiken. Wannan a kan maza ke nan. Matansu kam ko gwanaye suna musu a kai.

Sai wanda bazara kaɗai ke kawowa: ƙaramin shaho mai jan ƙafa, Falco vespertinus. Da kaka ta gabas yake gangarawa zuwa wajen Angola, amma a dawowa sai ya zagayo ta yamma, ta kanmu. Namijin shuɗi-baƙi ne, cinyoyi da ƙafafu ja. A Afrilu, in an yi yayyafin farko shinge ya tashi, ɗaga kai ka duba masu cafkarsa a sama.

Kurciyar Turai ma ta shiga wannan sahu, abin da a da ba wanda zai ce. Bayanta kamar an jera ɓawon kifi ja da baƙi, a gefen wuya akwai zane-zane baƙi da fari. A Ingila ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 daga shekarun 1970 zuwa yau. Da magariba takan taru a kan bagaruwa da gawo kusa da ruwa.

Na ƙarshe shi ne burin kowa, ɗan tsuntsun ciyawa mai rawayan layi a tsakar ka, Acrocephalus paludicola. A Belarus da Folan da Yukren yake haihuwa, kuma sai a 2007 aka gano inda yake hunturu, a fadamar Djoudj ta Sanagal, daga baya aka same shi a Mali. Wanda ya ɗauko hotonsa a nan ya zo da babban labari.

Kakana ya ce a da gauraka har bayan gari take kiwo. Ita ma tafiya ta yi?

Ba ta yi tafiya ba, ƙarewa ta yi, kuma wannan ya fi ci mini rai fiye da duk na sama. Gauraka ba baƙuwar Turai ba ce, tamu ce, ita ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya. Kamu don ajiyewa a gidajen masu hali da bushewar fadamu sun kai ta ga kusan ɓacewa a ƙasar nan. Yau ganinta a daji, ba a tsakar gidan wani attajiri ba, ya fi ganin yawancin baƙin Turai wuya. An fi sa ran ta can gabas, wajen iyakar Kamaru da Chadi.

Haka ungulu. Wanda ya haura shekara 40 ya san lokacin da mahauta ke korar ta da dutse a kwata. Tun 2015 aka sa ta cikin jerin masu dab da ƙarewa a duniya. Guba da cinikin kanta da ƙafafunta wajen masu magani ne suka cinye ta. Har baƙin ma ba su tsira ba: wata farar ungulu da aka sa wa na'ura a Girka ta zo ta yi hunturu a kudancin Nijar, a 2014 wani maharbi ya kashe ta a yankin Damagaram don wannan ciniki. Saboda haka in ka ga ungulu ko gauraka, ka rubuta rana da wuri kamar yadda za ka yi wa baƙo daga Rasha.

Shamuwa fa, daga Turai take?

A'a. Shamuwarmu cikin Afirka take yawonta. Da rani tana gabashi da kudancin nahiyar, sai ta biyo damina ta iso mana a Afrilu ko Mayu, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari. Da masu tafiya arewa da ita sukan yi kiciɓis a makonni ɗaya. Ta Turai ita ce babbar fara mai jan baki da jan ƙafa. Ita ba ta iya dogon tashi a kan teku, domin da zafin iskar da ke tasowa daga ƙasa take hawa sama, shi ya sa take bi ta mashigin Jibralta, inda ruwan bai wuce kilomita 14 ba, ko ta zagaya ta Turkiyya.

Ina ya kamata in je, kuma da wane lokaci?

Tafkin Nguru da mashigin Marma, wanda shi ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a 2000. Sai Dagona kusa da Gashuwa, cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, inda Yarima Filib mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci ya zo kallon tsuntsaye a 1989. Sai Baturiya a Jigawa. Amma kada sunaye su rufe maka ido. Kududdufin bayan garinku da bai ƙafe ba zai iya ba ka abin da Dagona ba ta ba ka ba a ranar.

Fita daga sallar asuba, ka dawo da hantsi. A Afrilu zafin nan kan haura digiri 40, da ƙarfe 10 tsuntsaye sun shige inuwa, iska kuma tana rawa a cikin madubi. La'asar sakaliya ma tana da kyau. Ka sa rana a bayanka. Kada ka shiga ruwa da ƙafa, akwai tsargiya. Ka biya mai kwale-kwale. Kafin komai ka je ka gaida Bulama ko mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, domin a zamanin nan baƙo mai leƙe-leƙe da madubi a bakin gari yana jawo wa kansa tambaya. A Dagona kuma sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ka tambayi halin hanya kafin ka kama ta.

Ba ni da madubin hangen nesa. In haƙura?

Kada ka haƙura. Masunta da makiyaya ba su da shi, kuma su ke fara gani. In ka samu hali, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya isa, ko na gwanjo ne. Ana iya kara kyamarar waya a idon madubin a ɗauki hoto.

Na ga wani da nake zaton baƙo ne na gaske. Yaya zan tabbatar?

Bari in ba da labarin kunyata. Wata shekara a farkon Afrilu na hango baƙar tsuntsuwa mai farin ciki ita kaɗai a bakin wani tafki, nesa, cikin ƙura. Zuciyata ta ce baƙar shamuwar Turai ce, Ciconia nigra, wadda ba safai ake ganinta a Najeriya ba. Har na fara rubuta saƙo. Dattijon da ke tuƙa ni ya ajiye gorarsa, ya sa hannu ya kare rana, ya ce, "Ɗana, shamuwa ce fa. Ta yi sammako ne bana." Na ce, "Baba, ai lokacinta bai yi ba." Bai ce komai ba, ya buga gefen jirgi da tafin hannu. Ta tashi, sai ga gadon bayanta fari sol. Ta Turai bayanta baƙi ne har wutsiya, bakinta da ƙafafunta ja wur, kuma ta fi girma nesa ba kusa ba. Tamu bakinta toka-toka ne, fuska shuɗiya, ja a gwiwa da yatsu kawai. Duk na san wannan a littafi, son rai ne ya rufe ni.

Tun daga ranar, kafin in buɗe littafi ko waya sai na rubuta abin da idona ya gani: girmansa in an gwada da kurciya ko balbela, siffar baki, launin ƙafa, abin da ke bayyana a fiffike da baya in ya tashi, abin da yake ci, kukansa. Sannan in tambayi kaina wane ɗan gida ne ya fi kama da shi, in nemi dalilin da zai hana ya zama shi. Hoto ko marar kyau ne a ɗauka, da yawa, har da na tashi. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye tana taimakawa, amma takan yi kuskure a kan tsuntsayenmu, shawara take bayarwa ba hukunci ba. A bazara kuma akwai ƙarin ruɗani, domin da yawa suna sauya gashi zuwa kayan aure. Namijin Calidris pugnax ɗaya baƙi, ɗaya ja, ɗaya fari, alhali duk iri ɗaya ne.

Yaro ya harbo tsuntsu da danƙo, mun ga zobe a ƙafarsa. Na leƙen asiri ne?

Ba na leƙen asiri ba ne, ba kuma na tsafi ba. Zoben na ɗauke da lamba da sunan gari ko cibiyar da ta sa shi, kamar Landan ko Mosko ko Helgoland. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe har lambar ta fito duka, ka rubuta rana da sunan ƙauye da yadda aka same shi. Ana aikawa ta shafin EURING, ƙungiyar da ta haɗa masu sa zobe na Turai, kuma sukan dawo maka da bayanin inda aka sa shi da shekarar. Ba a kama kowa, ba a kuma biyan lada. In tsuntsun na da rai, karanta lambar ka sake shi da zobensa.

Zargin ba a nan kaɗai yake ba. A 2013 an tsare wata farar shamuwa a ofishin 'yan sanda a Masar saboda na'urar da ke bayanta. A 2018 kuma wani a Sudan ya tsinci na'urar wata shamuwa daga Folan, ya zare layin wayar da ke ciki ya yi ta kira, aka kai wa masu binciken takardar bashi.

Wa zan gaya wa?

Akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015 ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, masu aikin sa-kai na shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma manhajar eBird ta Jami'ar Cornell. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ma ta daɗe tana aiki a wannan fadama. Ni ina ganin rabin abin da ake kira "ba a taɓa gani ba" a arewa, an sha gani, ba a rubuta ba ne. Ƙauye ɗaya a Ingila zai iya fin jiha guda a nan yawan masu rubutawa.

Abu ɗaya: in ungulu ce ko gauraka ko sheƙar wani babban tsuntsu, kada ka baza ainihin wurin a Facebook. Masu tarko ma suna da waya.

Suna kawo murar tsuntsaye?

Tsuntsayen ruwa na iya ɗaukar ta, haka ma cinikin kaji da ƙwai ke yaɗa ta. A Afirka an fara tabbatar da nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006. Kallo daga nesa ba ya sa cuta. In ka tarar da matattu da yawa wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada a kai gida, a sanar da likitan dabbobi.

Malam, ku kuna kallo, mu shinkafarmu suke ci.

Alhaji, ban musa ba, akwai ɓarna. Amma babban mai laifin jan-baki ne, kuma shi ɗan Afirka ne, bai san hanyar Turai ba. Masu dogayen ƙafafun nan galibi abin da ya zube bayan girbi suke tsinta, ko da yake sukan taɓa sabuwar shuka. Shahon nan mai baƙin layi a fiffike da farar shamuwa kuwa fara suke ci, ma'aikatanka ne da ba ka biya. Abin da nake roƙo shi ne a bar zuba hatsi mai guba a bakin ruwa. Ba ya zaɓe, kuma naman da aka tsinto haka a tukunyar mutane yake ƙarewa.

Gaskiya ne sun ragu?

Gaskiya ne ga da yawa, kuma ruwa ne kan gaba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa: wani wuri ya daina samun ruwa, wani ya daina bushewa. Inda ruwa ya zauna shekara zagaye sai kacala ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana su, ta hana noma, ta zama masaukin jan-baki. Agwagwa na son buɗaɗɗen ruwa, masu dogon baki na son taɓo, kacala ta cinye duka biyun. Abin da ya same mu kuwa ana jin sa a can: bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hunturu a yankinmu ya koma Ingila a 1969 ya ragu da fiye da kashi 2 cikin 3.

In ban samu zuwa a Afrilu ba fa?

Makon farko na Mayu akwai 'yan baya, yawanci ƙananan cikin ƙaya da tsattsewa. Asabar ta biyu a watan ita ce ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, sai dai mu a nan lokacin baƙi sun kusa ƙarewa, shamuwa ta riga ta fara ɗaukar kara. Wasu 'yan shekara ɗaya da ba su isa aure ba, kamar shahon kifi, sukan zauna su yi damina da mu. Sauran sai ƙarshen Agusta, lokacin da na farkon masu dogayen ƙafafu ke sauka a bakin gonakin shinkafa, ramammu, da gashin da ya sha hanya.